Taɓaryar Baba Nomau

Aikin da na fi so a duk zamana na Kano ba nawa ba ne. Aronsa aka ba ni, kuma saura ƙiris in hana mai shi. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, amma tunda na ce zan faɗa, bari in bi hanyar yadda na biyo ta, don ban kai ga aikin nan ba sai da na sha zango uku.

Sunana Lawali, daga wani ƙauye gabas da Tasawa, a ƙasar Nijar. Da aka raba mana gonar babanmu mu bakwai, abin da ya faɗo hannuna ko akuya aka ɗaure a ciki sai igiyarta ta taɓa iyakar wani. Na bar wa ƙanena ya haɗa da tasa, na bar matata Rakiya da 'yarmu mai rarrafe a wurin tsohuwata. Kuma ina da hali guda da ya kamata a sani tun yanzu: zuciya gare ni. Tsohuwata takan ce ranar da aka haife ni ma da faɗa na fito.

Zangona na farko Unguwa Uku. Adireshin da na riƙo daga gida a baki yake: "In ka sauka ka nemi Sale mai shayi a bakin tasha, ɗan garinmu ne." To, masu shayi a bakin tashar nan sun fi yatsun hannuna, kuma uku daga cikinsu Sale ne sunansu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da jakata a ka, 'yan kamasho suna kwaikwayon maganata, "Mi ya hwaru, ɗan Nijar?" Ashe Salen namu ya yi Abuja tun bara. Sale na uku, wani mutumin Gaya mai wushirya, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni dai ba Salenku ba ne, amma tunda Sale aka ce ka nema, zauna." Ya haɗa mini shayi mai kauri, ya yanko burodi har da shafa bota. Kwanana goma sha ɗaya a bayan teburinsa ina ɗebo masa ruwa, bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba.

Shi ya haɗa ni da wani mai gidan bulo a Darmanawa. Mu kwaɓa siminti da yashi, inji ya buga, mu kwashe mu jera a rana, mu ba su ruwa safe da yamma. Wata huɗu na yi, kafaɗuna suka saba. Sai siminti ya yi tsada, masu gini suka janye, injin ya yi tsit. Maigidan ya tara mu, ya karɓi lambar wayar kowa ya rubuta a jikin buhun siminti, ya ce, "Ku je ku ɗan huta, za mu neme ku."

Baƙo ko da ido makaho ne. Wallahi na ɗauka maganar gaskiya ce. Kullum sai na kai wayata caji, ko alwala zan yi sai na ajiye ta inda zan ji ƙararta. Sati uku ina wannan gadin waya, har Sale ya lura. Da na gaya masa abin da nake jira, ya yi dariya har shayin da yake shiƙawa ya zube.

"Kai Lawali, Allah ya shirye ka! A garin nan in aka ce za a neme ka, sallama ce aka sa mata turare. Tashi ka nemi wani."

Ban yarda ba sai da na taka har Darmanawa. Na tarar da ƙofa a rufe, ga wata akuya a tsaye tana cin takardar buhu. Ban ce shi ne mai lambobinmu ba, amma ban ce ba shi ba ne.

Zango na biyu, wani gidan ruwan leda a cikin Tarauni. Mu cusa ledoji a jaka, mu ɗaure, mu loda a mota. Manajan mutum ne mai zaƙin baki. Ranar da ya ɗauke mu, mu shida, ya ce duk wanda ya cika wata uku za a ba shi riga mai tambari da katin aiki, ya zama ɗan gida. Na ga direbobin wurin suna murmushi suna kawar da kai, ban gane ba. Na yi aikin nan kamar na ubana, har na gaya wa Rakiya a waya ta fara shiri, in na samu kati zan kama ɗaki in aiko a kawo su. Saura kwana huɗu mu cika, ya kira mu shidan ya ce kasuwa ta ja baya. "Za mu neme ku."

Washegari na biyo ta ƙofar wurin, don ƙafata ta riga ta saba, sai ga waɗansu sababbin mutum shida a tsaye, ana karanta musu wa'azin riga da kati. Kai! Ban san lokacin da na faɗa ciki ba. Na gaya masa abin da ba zan maimaita a nan ba, na ɗaga jakar ruwa guda na maka ta da ƙasa, ledoji suka tarwatse, takalminsa mai sheƙi ya sha wanka. Masu gadi suka damƙe ni, sai da Sale ya rufe teburinsa ya zo ya ba da haƙuri kafin a sake ni. Ban yi nadama ba sai da la'asar, da yunwa ta zo ta tambaye ni me na tanadar mata.

A kwanakin nan ne kewar gida ta kama ni da gaske. Duk Juma'a nake kiran Rakiya. Ta ce, "Ya aiki?" in ce, "Alhamdu lillahi." Ba ta taɓa tambayar maganar ɗakin ba, wannan shirun nata kuwa ya fi tambayar ciwo. Wata Juma'a ta ce 'yarmu ta fara magana, ta kara mata wayar. Sai na ji yarinya ta juya tana kiran wani "Baba". Ƙanena take nufi. Na kashe wayar na zauna a bakin kwata, na daɗe ban tashi ba.

Zango na uku, wurin wankin mota a Gyaɗi-Gyaɗi, kusa da titin Gidan Zu. Nan ba a ɗaukarka balle a sallame ka: ka zo da bokitinka da sosonka, oga ya nuna maka mota. Na yi wata biyu lafiya, har ranar da wani mai mota ya ce na ɗauke masa cajar waya. Ya tara mini jama'a, aka laluba aljihuna, daga baya ya ga abarsa a ƙarƙashin kujera. Ko "yi haƙuri" bai ce ba, ya ja gilashi zai tafi. Na ɗauki bokitin kumfa na bi motar da shi. Oga bai ma ɓata bakinsa ya ce za su neme ni ba, hanya kawai ya nuna mini.

Ina tsallaka titi ina surfa ashar, sai na ji an ce, "Yaro, zo nan. Zagin ga naka na Tasawa ne."

Wani dattijo ne zaune a kan benci a ƙofar wani ɗan gidan abinci, siriri, amma damatsansa kamar na maƙeri. Ya ce sunansa Nomau, daga wajen Gazawa, kusa da mu. Na durƙusa na gaishe shi, don ko a cikin fushi ban manta da wannan ba. Ya tambaye ni ko zan koma gida noma, ga damina ta matso. Na ce ba ni da gonar da zan koma mata.

"To ni ina da ita," in ji shi. "Mai riƙon wuri nake nema."

Wanda bai yi cirani ba bai san wannan ba, bari in faɗa. Mutanenmu da suka samu aiki mai kyau a birni ba sa sakinsa don damina. In ruwa ya kusa, sai mutum ya nemo wani, ya koya masa aikin, ya kai shi gaban mai wurin ya tsaya masa, sannan ya tafi gonarsa. In an cire amfani ya dawo, mai riƙo ya mayar masa da wurinsa. Babu takarda, babu shaida. Kuma ba kowane mai riƙo ne yake mayarwa ba, Baba Nomau ya san waɗanda suka dawo suka tarar an gaje su da ransu.

Na ce, "Baba, kun ga abin da na yi yanzu, kuma ni za ku ba amana?"

Ya ce, "Na gani. Wanda aka kira ɓarawo ya yi wannan haukan, bai iya sata ba. Sai dai ka fasa mini turmi."

"Turmi kuma?"

Ashe aikin daka ne. Dakan sakwara. Na miƙe tsaye na ce, "Haba Baba! Ni, da gemuna, in riƙe taɓarya? A garinmu ko yaye namiji aka yi ba ya kusantar turmi."

"Gemun ne zai riƙe ta?" in ji shi. "Shekarata goma sha bakwai ina yi, 'ya'ya huɗu na aurar da ita, ga gemuna nan ko gashi ɗaya bai zube ba. In girman kai ake ci, je ka ci."

Na zauna, don tun jiya rabona da abinci.

Mai gidan abincin Mama Bose ce, Bayarabiya Kirista, iyayenta mutanen Ekiti, amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa shiga kunnen Kanawa. Benci huɗu gare ta da tebur biyu, ma'aikatan asibiti da masu adaidaita sahu suna cika su da rana. Ta leƙo ta kalle ni ta ce, "Baba, wannan da ka kwaso mini ai idonsa ja ne." Ya ce, "Na tsaya masa." Ta ce, "To, in ya fasa mini kwano gemunka zan kama."

Mako guda ya yi yana koya mini. Ranar da zai tafi ya wanke taɓaryarsa, ta icen ƙirya ce da ya zo da ita tun daga gida, tsakiyarta ta yi santsi har ta ɗan lotsa daidai inda hannunsa yake kamawa. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Zuwa kaka. In na dawo ba zan tambaye ka ba, ka ji? Mai wuri ba ya roƙon wurinsa. Mai riƙo ne yake wanke ta ya miƙo." Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." A raina kuwa cewa nake, wa zai riƙe maka aikin mata ko da kwana ɗaya ya ƙaru?

Da ya tafi na koma yin dakan yadda na ga matan garinmu suna yi wa gero: in ɗaga sama, in sako da ƙarfina duka. Doya ta yi tsalle ta faɗa cikin bokitin wanke-wanke. Mama Bose, wadda ta riga ta ji labarin zangunana, ta dafa ƙirji. "Yesu! Ɗan Nijar, manajan ruwan leda kake duka ko doyata? Doya ba gero ba ce, ba a yi mata faɗa, lallashinta ake yi." Ta karɓe ta nuna mini: a daka ta tun tana tururi, a fara farfasa ta a hankali, sannan a riƙa jan ta a jikin turmin ana juyawa, ruwan zafi kuma da ɗan yatsa ake yayyafawa, ba kwarara ake yi ba. In na gama ta tsoma yatsa biyu ta murza, in ta ji gudaji ko ɗaya sai ta ɗaga mini shi a gaban hanci.

Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ta kawo man kaɗanya a murfin kwalba ta ce in shafa, tana mita wai hannun nawa na 'yan boko ne. Da farko ba na cin abincinta, sai in sayi ƙosai a waje. Ta lura, ba ta yi fushi ba. Wata safiya ta ce in raka ta kasuwar Tarauni riƙon kaya, ta tsaya a gaban mahaucinta, wani dattijo mai tabon salla a goshi, ta ce, "Malam, gaya wa wannan wa yake yanka naman da nake saya." Daga ranar na fara cin malmala biyu. Ran Juma'a tun kafin a kira salla take korata, "Tafi, kada ka ja mini alhaki." Da zazzaɓi ya kwantar da ni a tsakiyar damina, ta aiko mini da farfesu mai yajin da ya sa na ga taurari da rana, ta kuma daka da kanta kwana uku ba ta nemi wani ba.

Asirina bai daɗe ba. Wani ɗan ƙauyenmu mai tura baro ya gan ni, ya ɗauke ni a waya, kafin sati hoton ya zaga garinmu. Da Rakiya ta kira, na shirya faɗa. Sai na ji tana dariya har numfashinta yana sarƙewa. "Malam, ashe ka iya daka? Shekara biyar ina yi ni kaɗai kana zaune a inuwa kana cewa furar ba ta yi laushi ba!" Na ce ta kiyaye ni. Ta ce, "Inna ta ce a gaya maka, hannun da yake kawo abinci ba a tambayarsa me ya riƙe." Ranar na daka sakwarar da Mama Bose ta murza ta murza ba ta samu abin ɗaga mini ba.

To, nan ne Shaiɗan ya samu wurin zama. Hannuna ya faɗa, masu ci suka fara cewa sakwarar bana ta fi ta da. Gaskiya ne kuwa, ba don na fi Baba iyawa ba, ƙarfinsa ne ya fara ja baya. Wata biyar ban nemi aiki ba, ban yi gadin waya ba, na aika gida da abin da ya samu, har na je na ga wani ɗaki a lungun bayanmu mai ƙofar langa-langa. Kaka ta zo, 'yan cirani suka fara dawowa, Baba Nomau shiru.

Wata rana bayan an watse Mama Bose ta ce, "Lawali, zauna. Baba ya tsufa, bara sau biyu ina mayar da abinci saboda gudaji. Ba zan iya riƙe mutum biyu a turmi ɗaya ba. Ni ce mai wurin nan, ba al'adarku ba. In ka ce kana so, naka ne, ni zan yi masa magana." Ban ce e ba. Amma ban ce a'a ba, kuma Allah ya sani wannan shirun e ne. Bayan kwana biyu wayata ta yi ƙara, lambar Nijar, na san ta Baba Nomau ce. Ni da na yi sati uku ina roƙon waya ta yi ƙara, na zuba mata ido har ta gaji. Sau huɗu yana kira a satin nan.

Ranar wata Talata da hantsi ina fere doya, sai na ji sallama. Ga Baba Nomau nan da 'yar jakarsa, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Matarsa ce ta yi jinya, shi ya tsayar da shi, geron ma bai yi kirki ba. Na gaishe shi ina kallon ƙasa. Ya ciro wani ƙulli ya ba ni: ashe sai da ya ratsa ta ƙauyenmu, Rakiya ta ba shi yaji da busasshiyar kuɓewa ya kawo mini. Ya ce, "'Yarka ta yi wayo, goshinka ne sak." Sannan ya zauna a kan bencin nan da na fara ganinsa. Taɓarya tana jingine a bango tsakanina da shi. Na ɗauke ta na ci gaba da daka.

Bai tambaya ba, kamar yadda ya ce. Mama Bose ta kawo masa abinci, ta buɗe baki za ta yi magana, ta kasa, ta koma ciki tana yi wa tukwane faɗa. Laraba ya dawo ya zauna. Abin da ya ce mini duk yinin nan ɗaya ne: "Rage ruwa, wannan tsohuwar doya ce." Ina daka ina gaya wa kaina, ai ba ni na ce ya makara ba, ai mai wuri ce ta zaɓa, ai ni ma ina da iyali. Duk gaskiya ne, amma abincin ranar ture shi gefe na yi ban ci ba.

Alhamis bencin babu kowa. Na ji sanyi a raina, har na ce shi ke nan, ya haƙura. Da azahar na fito zubar da ɓawon doya, na ɗaga kai na dubi tsallaken titi. Ga Baba Nomau a wurin wankin mota, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya durƙusa yana goge tayar wata jif, wani matashi da bai kai ɗansa ba yana tsaye a kansa yana nuna masa inda ya bari da tsinin takalmi. Bokitin da ke gefensa na gane shi, nawa ne da na bari, ga inda ya lotse ranar da na yi jifa da shi.

Na sha yin fushi a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na ranar ba, don wannan karon babu wanda zan jefa sai kaina. Na koma ciki, doya tana kan wuta, mutane suna jira. Na ɗauki taɓaryar na wanke ta da ruwan zafi, na goge, na shafa mata sauran man kaɗanyar nan. Mama Bose tana cewa, "Ina za ka? Lawali! Doya za ta huce!" Na saɓa ta a kafaɗa na ratsa titi, masu adaidaita sahu suna danna ham, wani yana ihu, "A riƙe shi, ɗan Nijar zai yi kisa!" Oga yana hango ni ya ɓuya a bayan mota.

Na durƙusa a cikin ruwan kumfar nan na miƙa masa da hannu biyu. "Baba, ku karɓi kayanku. Ku yafe mini, na ga kiranku ban ɗauka ba."

Ya goge hannunsa a jikin riga, ya karɓa, hannun ya tafi daidai inda ya lotsa. "Na san ka gani," in ji shi. "Kwana biyu kawai ka yi. Ni da aka ba ni riƙo, sai da na yi tara kafin in miƙa. Tashi, wandonka yana jiƙewa." Na tashi ina kuka, gardi da ni, a gaban masu wankin mota.

Mama Bose ta tare mu a ƙofa, hannu a ƙugu. "Sannunku! Ku ne masu ɗauka, ku ne masu sallama, ni kuma 'yar kallo ce a shagona ko?" Ta yi ta faɗa har Baba ya gama dakan farko. Ta tsoma yatsa ta murza, na ga ta tsinci wani abu, ta dube shi, ta jefa a baki ta haɗiye ba ta nuna wa kowa ba. Da zan tafi ta cika mini leda da abinci, ta ƙi kallon fuskata, ta ce, "Je ka, mai taurin kai. Za mu neme ka."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Har ke ma, Mama? Na riga na san fassarar wannan. Na kira Rakiya na ce maganar ɗaki ta sake ja baya, na gaya mata dalili. Ta ce, "Da ka riƙe, da ban san da wane ido zan kalli matarsa ba."

Ranin nan na sha shi. Na yi dako a Unguwa Uku, na koma bayan teburin Sale, na yi sati biyu a gidan burodi aka rage ma'aikata, na tura baron wani da ya tafi jinya. Gyaɗi-Gyaɗi kuwa na daina bi ta lungun, don in na ji ƙarar turmi daga nesa har cikin kafaɗuna nake jin ta. Wayata ma na daina damuwa da cajinta.

Bazara ta same ni a wani gini a Darmanawa, muna hawa da kankare a kwano. Ranar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri. Ina tsakiyar tsani da kwano a ka, sai na ji aljihuna yana rawa. Na ƙarasa sama na ciro ta da hannun siminti.

"Ɗan Nijar, kana wace duniya? Tun jiya nake kira, wayarka a kashe!" Muryar Mama Bose ce. "Ba na ce za mu neme ka ba? Ko ka ɗauka ni ma mai bulo ce?" Daga bayanta na jiyo Baba Nomau yana cewa, "Ce masa ya yi sauri, gona ba ta jira."

Na sauke kwanon a hankali, ni da na saba jifa da kayan aiki, na sauko na je na yi wa ogan ginin sallama da ladabi. Ya ce, "To yaushe za ka dawo?" Na ce, "Ranka ya daɗe, zan neme ku."

Yayyafi ya fara kafin in isa. Na tarar da Baba Nomau a kan bencinsa, jakarsa a ɗaure, taɓaryar a kan cinyarsa, ya wanke ta har tana ɗigar ruwa. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Zuwa kaka," in ji shi.

Na ce, "Zuwa kaka, Baba. Wannan karon a tasha za ku same ni da ita."

Daga ciki Mama Bose ta ɗaga murya: "In kun gama bikin naɗin sarautar, doyata tana hucewa!"